Takardun da Inna Ta Sha

Yayana ya rasu a kogi a shekarar da aka rufe gada, lokacin da duk mai zuwa Gaya daga Malanbil sai ya shiga kwale-kwale. Masunci ne, ya san ruwan nan kamar yunwar cikinsa, amma ya bar kamun kifi ya koma fiton mutane da kaya. Wata rana aka yi masa lodin albasa fiye da kima, iska ta taso, kwale-kwalen ya kife. Bayan kwana biyu aka tsamo shi wajen Madekali.

Shi ne ɗan farin Inna. Saboda kunyar ɗan fari ba ta taɓa kiran sunansa ba, sai dai ta ce "wancan". Ranar da aka kawo gawa ma ko hawaye ba ta yi ba. Mata suka yi ta yabon haƙurinta. Ni kuwa haushi ya cika ni, na ga kamar ɗan maƙwabta aka binne.

Ni tela ce, shagona yana bakin kasuwa. Bayan sadakar arba'in na koma aiki, amma hankalina bai koma ba. Na yanka atamfar mutane ba daidai ba har sau biyu. Abinci ya fita raina. Duk wanda ya shigo sai ya ce in yi haƙuri, wani da Dendi, wani da Zabarmanci, wani da Hausa, har na ji kalmar ta ishe ni. Haƙuri maganin zaman duniya ne, na sani, amma ba wanda ya tambaye ni inda yake mini ciwo.

Wata azahar da ba kowa, na jawo kaye, wato littafin da nake rubuta awon mutane a ciki, na juya bayan shafi. Ɗan karatun boko da na yi a lakwal ya yi mini rana. Na rubuta cewa ina jin haushin kogi, da mai albasa, da shi kansa yayan nawa da bai ce lodin ya isa ba. Na rubuta cewa ina jin haushin Inna fiye da kowa. Da na ajiye alƙalamina na bik, sai na ji yunwa, yunwa ta gaske. Na aika aka sayo mini shinkafa da wake. Tun daga ranar kullum sai na rubuta, a shago ko a gida, kuma ban taɓa jin takarda ta ce in yi haƙuri ba.

Ina farfaɗowa, Inna tana ƙarewa. Zanenta ya fara zagaye ta sau biyu. Na ɗauke ta a kabu-kabu zuwa likita, aka auna, aka ce ba a ga komai ba. Sai tsoro ya shiga ƙarƙashin haushin nan nawa. Na rasa yaya, ga uwa tana bin sa a gaban idona.

Wata safiya wata mata ta zo karɓar ɗinki, na buɗe kaye in duba tsawon hannunta, na tarar an yage shafi uku. Na rufe shago na nufi gida da kayen a hannu. Na iske Inna a gindin darbejiya da kwanon sha, tana tace wani abu da bakin mayafi. Takarda ce ta jiƙe ta zama kamar dusa.

"Inna, mi kika yi haka?"

"Magani nika sha," ta ce, ko ɗaga kai ba ta yi ba. "Na gane ki. Da kin zan tsinke, yanzu kina cin tuwo. Kullum kina duƙe bisa abin ga. Nic ce ko wane malami yab ba ki ayar ga, ta yi aiki. Kin ɓoye min, ni ko ban roƙon ɗiyata. Amma tawadar ga taku ta 'yan lakwal ba ta wankuwa. Tun da asuba nij jiƙa ta."

Dariya ta taso mini, kuka ya riga ta fita. Inna ba ta karatu. A wurinta duk rubutun da ya warkar da mutum, wanke shi ake yi a sha, kamar na allo. Ta shanye awon ƙugun mace uku, ta kuma shanye shafin da na ce zuciyarta dutse ce.

Da na so, da na bar ta a kan aya ce. Amma na zauna a tabarmarta na ce, "Inna, ba aya ba ce. Maganar cikina ce nika zubawa. Har ke ina zagi a ciki."

Ta dube ni. "Karanta min wanda yar rage."

Na karanta, ban tsallake komai ba. Na karanta inda na ce ba ta son shi. Sai na yi nadamar buɗe baki. Can ta ce, "Abin ga yana ɗaukar maganar wanda bai iya rubutu?"

Na ce yana ɗauka.

Kaye uku muka cika tun daga ranar, ita tana faɗa, ni ina rubutawa. A hankali ta koma cin abinci, yau har faɗa take yi in gishiri ya yi yawa. Ni kuma na daina yanke wa mutum hukunci da bushewar idonsa. Amma har yanzu ba na iya buɗe shafin farko na maganarta. Abin da ta fara faɗa ke nan, tana kallon ƙasa:

"Rubuta. Ran da za shi tahiya, ya ce in dama mishi hura. Nic ce shi bari sai ya komo, kada ta yi tsami. Da la'asar nid dama, na sa nono da yawa yadda shika so. Kwana ukku tana cikin ƙwarya, na kasa sha, na kasa zubarwa."