Ɗan gwangwan ya ƙi sayen laftof ɗina

Jama'a, yau ɗan gwangwan ya ba ni mamaki!

Kun san tsohuwar laftof ɗin da nake buga wa ɗalibaina jarrabawa da ita? In na kunna ta, sai in dafa shayi in shanye ba ta gama buɗewa ba. Ga jarrabawa jibi! Haushi ya sa na kira wani ɗan gwangwan, mai sayen tsofaffin ƙarafa, da ke wucewa da kurarsa, na ce ya saya.

Ya kunna, ya dudduba, ya ce, "Malama, lafiyarta ƙalau. Manhajar da ke tafiyar da ita ce ta yi mata nauyi."

Na ce, "Malam, kai ina ka san wannan?"

Ashe ɗan garin Kuyello ne, ya koyi gyaran kwamfuta a Kaduna, shago ne bai samu ba!

Ya zaro filas na adana bayanan kwamfuta daga aljihu, ya kwashe takarduna a ciki, ya sa wa laftof ɗin wata manhaja mara nauyi, wai Linux, ya mayar da takardun. Can ya ce in kunna.

Wallahi kafin in gyara zama ta buɗe! Tambayoyina duk suna nan!

Na ce me zan ba shi. Ya nuna tsohon rishona, ya ce, "Ba ni wancan, Malama. Shi kam ya mutu da gaske."