Wanda Ya Buɗe Rumbun

Ƙarfe huɗu da minti goma na yammacin wata Talata abin ya fara lalacewa. Na san lokacin daidai saboda na duba agogo in ga ko zan samu motar komawa makaranta kafin hanya ta cushe.

Ina zaune a kan kwalin takalma a siton Kawu Sani da ke unguwar Baiyun a Guangzhou, ƙasar Sin. Kawu ƙanen mahaifiyata ne, ya daɗe a Guangzhou yana sayen takalma a kasuwar Zhanxi Lu yana aikawa Kano. Ni karatun harhaɗa magunguna ya kawo ni, duk Talata kuma nakan je in rubuta masa sunayen masu kaya a jikin kwalaye, don ya ce rubutuna ya fi nasa tsabta. Ran nan na gama da wuri, na ɗauko littafina. Irin labaran nan ne da wani mai wuƙa ke bin mutane ɗaya bayan ɗaya har sai yarinya guda ta rage.

"Ke dai Jidda, kullum littafin yanke-yanke," in ji Kawu yana naɗe kwali da salatif. "Ba kya mugun mafarki?"

"Ai Iya ce ta fara saba mini, Kawu. Da labarin Mai Takobi."

Ƙarar salatif ɗin ta tsaya.

"Wanne?"

"Na yarinyar da ta ɓuya a rumbu."

"Meyo," ya ce, yadda 'yan Sin masu shago ke cewa idan ba su da kayan da ka tambaya. Ya yi dariya, amma kwalin yake kallo. "Iya ba ta da wannan. Littattafanki ne suka cakuɗa miki kai."

Ni ba mai musu ba ce. Amma na san abin da na ji da kunnena.

Iya kakata ce, mahaifiyar Kawu da Ummana. A gidanmu na cikin birnin Kano, idan sanyi ya shigo, bayan sallar isha'i takan sa a kawo mata kaskon garwashi ƙofar ɗakinta. Ta binne dankali a toka, ta miƙe ƙafa, mu jikoki mu kewaye ta. Ni nakan zauna can baya, inda hasken bai kai sosai ba, sai ta leƙo ta ce, "Ƙawata, matso nan. Kunnenki ya fi na waɗannan masu bakin tsuntsaye." Tana da tatsuniyoyi barkatai, na Gizo da na kura da na 'yar sarkin da ta ƙi magana. Kowacce sai ta buɗe ta da kiran da aka saba, mu amsa da ƙarfi, ta kuma rufe ta da kan ɓera, a watse ana dariya.

Guda ɗaya ce ba ta yi wa haka. Ba kira, ba amsa. Sai dai ta riƙa juya garwashi da tsinke, can ta ce, "Akwai wani gari a kan dutse."

Garin ƙarami ne, in ji ta, mutanensa ba Hausa suke ji ba. An gama girbi, rumbuna sun cika. Sai wani mutum ya hawo dutsen da takobi, ya naɗe fuskarsa, ba a ganin komai sai ido. Ya shiga wani gida mai mutum takwas. Ya fara da maigidan a bakin ƙofa. Ya samu tsohuwar gidan a wajen niƙa. Samari biyu suka yi gudu, bai bar su sun kai shinge ba. Duk wanda ya faɗi sai Iya ta kira sunansa a hankali: Tangwa, Bishi, Lukdi, har bakwai, kullum a jere guda, ba ta taɓa sauya wa wani wuri ba. Ta takwas yarinya ce. Uwarta ta ɗaga ta ta jefa cikin rumbun dawa, ta mayar da murfi, ta ce kada ta yi numfashi mai ƙarfi. Yarinyar ta nutse cikin hatsi har wuya. Tana jin takunsa yana zagaya rumbun. Ya tsaya. Murfin ya motsa, haske ya faɗo mata a fuska.

Nan Iya ke tsayawa.

"Sai me, Iya?"

"Sai dankalinku ya ƙone. Ku ciro."

Wata rana Yaya Rabi, 'yar yayan Ummana, ta mayar da sunayen nan waƙa tana tafi. Iya da ba ta taɓa ɗaga wa jika murya ba ta ce, "Tashi ki bar mini wuta." Kwana uku Yaya Rabi ba ta zauna da mu ba.

Abin da ya fi damuna daga baya shi ne ranar da ta ba ni labarin da rana tsaka. Kowa ya san ba a yin tatsuniya da rana, ita kanta Iya ta sha tsorata mu cewa mai yi ɓata zai yi. Amma ina aji shida, na dawo daga makaranta na same ta tana tsintar shinkafa, ta ce in ɗauko littafi da biro. Ta maimaita labarin daga farko, rana na dukan tsakar gida, ta sa na rubuta sunayen bakwai na karanta mata har sau uku. Na ce, "Iya, ba za mu ɓata ba?" Ta ce, "Wannan ba ya ɓatar da mutum, ƙawata."

Littafin nan yana cikin akwatina a Guangzhou. Daren Talatar na ciro shi, ga sunayen da rubutun yarinta. To me ya sa Kawu ya ce babu?

Na kira Umma. Muna hira lafiya, muryarta tas kamar tana ɗakin, ina ambaton rumbu ta ce, "Jidda, ba na jinki, layin nan ya lalace." Talata biyu Kawu yana aiko mini saƙo cewa babu aiki, alhali na san lokacin kayan sallah ne. Da na je a ta uku, ya sayo mini gasasshen nama daga wajen Musulmin Sin, ya yi ta ba ni labarin wani mai shago da ya ba shi takalma ƙafar hagu zalla. Kawu bai taɓa saya mini nama haka kawai ba.

Na riƙa haɗa abubuwa yadda nake haɗa sinadarai a ɗakin gwaji. Ba kira, ba rufewa, an faɗe shi da rana: ba tatsuniya ba ce. Sannan akwai tsohon takobin da ke rataye a zauren gidanmu, wanda maza ke saukewa jajibirin sallah su shafa masa mai. A wannan ranar, Iya ba ta fitowa daga ɗaki. Sai na yanke wa kaina hukunci: yarinyar ita ce kakar kakanninmu, wani jarumi ya kashe Mai Takobi ya ƙwace makaminsa ya cece ta, dangina kuma suna jin kunyar a ce asalinsu daga dutse ne. Na ji daɗin wannan fassarar ƙwarai. A littattafan da nake karantawa, wadda ta tsira ita ce mai labari, ni kuma na ga kaina a jikinta. Har na fara tunanin shirun nan nawa, da son zama a lungu, gado ne daga yarinyar da ta riƙe numfashi a cikin dawa. Na saba ɗaukar darasin labarin a matsayin haƙuri da ɓuya har masifa ta wuce. Ban taɓa tambayar kaina me ya sa Iya ta fi damuwa da sunayen matattu a kan ƙarshen mai rai ba.

Ranar da za a loda kwantenarsa a tashar jiragen ruwa ta Huangpu na bi shi ba tare da ya gayyace ni ba. Muna tsaye a inuwar wani sito, zafi kamar a tukunya, ma'aikata na tura kwalaye. Na buɗe littafin sunayen, na fara karantawa a bayyane.

"Tangwa. Bishi. Lukdi."

Na karanta na huɗu, na yi shiru da gangan.

Kawu bai juyo ba. Can ƙasa-ƙasa na ji ya faɗi na biyar, da na shida, da na bakwai, a jerensu, babu kuskure.

"Kawu, ka ce meyo."

"Ke wace irin yarinya ce?" Ya cire hularsa ya share gumi. "Ni ma Iya ta sa na haddace su. Duk gidan nan mutum ɗaya take zaɓa a kowane zamani."

"Yarinyar nan ita ce kakar kakanninmu, ko? Ni ba zan ji kunya ba, wallahi. Ina so in sani ne kawai. Wa ya buɗe rumbun?"

Ya juya ya kalli kwantenar.

"Yarinyar ba ta haifi kowa ba, Jidda. A gidanmu ta tsufa tana daka da wanki, ana ce mata Baba Nagode, don ba wanda ya tambayi sunanta na gaskiya. Ita ta goyi Iya. Da za ta rasu ta ce ba ta da wanda zai riƙa kiran sunayen mutanenta, sai Iya ta karɓa." Ya mayar da hular kansa. "Wanda ya buɗe rumbun shi ya hawo dutsen, shi ya kawo ta Kano a ɗaure. Kakan Iya ne. Takobinsa ne muke shafa wa mai."