Rubutun da Ke Hana Santsi

Perrine mai sayar da burodi ba ta san tsohon nan ba. Tun safe yake tsugune a farfajiyar gidan sufayen Kirista da 'yan kasuwar Paris suka saye bayan juyin juya hali, suke rushewa suna sayar da duwatsun. Rigarsa ta yi masa yawa, bayansa a ranƙwafe. Yana bin duwatsun kaburburan da aka jingine a bango, waɗanda aka sassaƙa wa sunayen mamatan, yana share musu ƙura da hannun riga, leɓɓansa na motsi. Perrine ta ce a ranta, wannan ya taɓa zama a gidan nan, wataƙila ma shi ya binne wasunsu.

Sai ga Aubin mahauci da amalanke. Ya nuna dutsen da tsohon ke dafe da shi.

"Baba, matsa. Wannan na ƙofar mayankata ne."

Tsohon bai yi musu ba, har ya kama masa suka ɗora. Sannan ya ce, "Ɗana, alfarma ɗaya. In za ka shimfiɗa shi, ka kifa sunan ƙasa."

Aubin ya tuntsire da dariya. "Haba Baba! Ai don rubutun na zaɓe shi. Shi ke hana santsi in jini ya zuba."