Zauren Ƙoren Kawu Barau

Duk wanda ya san Kawu Barau a Ƙiru ya san ba ya gaida mutum da safe sai ya fara gaida ƙorensa. Zai tura ƙyauren zaure ya ce, "'Yan mata, an tashi lafiya?" Ƙore ne masu zane, jere a bango har rufi, kowace da sunanta. Kallo kyauta ne, amma a cire takalmi, kuma hannu a baya!

Wata rana ya ga ƙwarya a kan wata mai tallan nono, ya bi ta har rugarsu a Burumburum. Ya dawo da ƙwarya, akuyar matarsa Iya Hajjo kuwa ta zama ta Fulani.

"Malam, ƙwaryar ce za ta haifa mini 'ya'ya?"

"A'a, Hajjo. Amma ba za ta ci dawar maƙwabta ba."

Lokacin ne kwanukan ƙarfe masu fenti suka fara cika ɗakunan amare. Wani ɗan koli daga Kano ya ƙwanƙwasa ɗaya a gabansa. "Baba, wannan ko ya faɗi ba ya fashewa."

"Shi ya sa ba mai tausayinsa," in ji Kawu.

Ni kuwa kullum ina zauren, wai son zane, alhali don Lami ne, wata budurwa mai idanu kamar farin wata da ke kawo masa fura. Rannan ya dungure ni. "Kai Sule! Zanen yana bango. Je ka gaida ubanta, ka ba ni wuri!" Yau jikokinmu suna rarrafe.

Da idonsa ya fara dushewa, damina ta tsaga soron zauren. Hankalinmu ya tashi, don mun san zai iya zama a ciki rufi ya danne su tare. Ɗan kolin ya dawo, wai zai saye ƙoren duka.

"Ka kai su ina? Inda ba wanda ya san sunansu?"

Sai ya sa aka kira matan unguwa da masu sassaƙar ƙwarya na Ba'awa da Ɗansoshiya. Yana shafa kowace da yatsa, ya faɗi sunanta, ya miƙa. "Ke Talatu, in kika dama koko a cikin Gimbiya, Allah ya isa!" Talatu ta dama washegari. Masu sassaƙa kuwa har yau zanen zaurensa suke kwaikwayo.

Ɗaya ta rage, fara fat, ba ko ɗigon zane. Na ce, "Kawu, wannan fa?"

"Ta wankana ce. Can ba a zuwa da ado. Ja ƙyauren."

Da ita aka yi masa wankan gawa kafin kaka. Allah ya jiƙan Kawu, ya haskaka kabarinsa, ya saka masa da abin da ya fi wanda ya nuna mana kyau.