Makiyayin da Muka Tsinta a Bakin Sabka

Ban taɓa mantawa da ranar da muka tsinci Hamidu a harrar Khaibar ba. Tun da bana za a fara tura ku can, ku sababbin direbobi, gara ku ji labarin daga bakina.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Bakur, haifaffen Harra ta Yamma a nan Madina. Kakana ne ya zo daga Kano aikin hajji ya zauna. A lokacin ina direba kuma jagora a wannan kamfani namu, ina kai baƙi kallon tsaunukan da suka taɓa aman wuta. Harra ita ce ƙasar baƙin dutsen da ya narke ya malala, sannan ya daskare da kaifi kamar fasasshiyar kwalba. A wani gefenta akwai sabka, wato tafkin gishiri da ya ƙafe. Samanta farin ɓawo ne mai kyan gani, ƙarƙashinta kuwa taɓo ne da ke haɗiye duk abin da ya yi nauyi. Dokar aiki ita ce mota ɗaya ba ta shiga ita kaɗai, kuma ba a taka sabka ko da ƙafa. Jawwal, wato wayar hannu, ba ya aiki a can, don haka akan ba jagora wayar tauraron ɗan Adam, ya riƙa kiran mushrif, wato mai kula da fita, da ke ofis.

A ƙarshen kakar sanyi ne, zafi ya riga ya fara cizo. A motata akwai wani ɗan kasuwa daga Jidda, Abu Rayan, da matarsa Ummu Rayan, ma'aikaciyar jinya. Mota ta biyu Idris ke ja, Bahaushen Sudan, da wasu Turawa a ciki. Mun gama hawan wani farin tsauni da hantsi, muka gangaro bakin sabka don cin abincin rana. Ina kashe mota sai na ji wani kuka mai tsawo, kamar ana jan ƙarfe a kan dutse.

Idris ya ce, "Ya Bakur, wannan raƙumi ne, kuma ba lafiya ba."

Muka zagaya bayan wani tudun dutse. Can cikin farin gishirin muka hango taguwa ta nutse har ciki, wuyanta kaɗai take iya ɗagawa. A bakin sabkar kuma, cikin 'yar inuwar wani dutse, ga mutum kwance. Taɓo ya bushe a jikinsa har ƙirji. Ƙafarsa ta dama ta karye a ƙasan gwiwa, ta kumbura, ta yi baƙi. Leɓɓansa sun tsage. Na ɗauka gawa ce, sai na ga yatsunsa na motsi. Na durƙusa na yi masa sallama da Larabci. Ya buɗe ido da ƙyar ya ce, "Ruwa, don Allah."

Da Hausa ya faɗa.

Na ce, "Baba, ga ruwa. 'Yan'uwanka ne."

Ummu Rayan ta hana mu ɗura masa. Ta ce a jiƙa ƙyalle a riƙa matsa masa a baki kaɗan-kaɗan, a zuba sauran a wuya da hammata. Da ya ɗan farfaɗo ya gaya mana sunansa Hamidu, mutumin wajen Abashe ne a Chadi, yana kiwon raƙuman wani mutum. Tankar da ke kawo musu ruwa ta daina zuwa, dabbobin suka watse neman sha, taguwar ta faɗa sabka. Ya shiga janyo ta, ɓawon ya fashe da shi, da ya fito yana gaggawar neman igiya sai ƙafarsa ta faɗa tsagin dutse. Bai san kwana nawa ya yi a wurin ba.

Na kira mushrif. Ya ce, "Ka ba ni wurin, in kira is'af, motar asibiti, ku kuma ku ci gaba da baƙinku."

Na ce, "Motar asibiti ba ta iya shigowa nan, ka sani. Kafin a samo mai iya zuwa, ya mutu."

Ya ce, "Zan sa su tare ka a bakin kwalta. Amma abin da ya faru a motarka, kai za ka amsa."

Abu Rayan ya ja ni gefe. Ba mugun mutum ba ne, tsoro ne ya kama shi. Ya ce in mutumin nan ya cika a hannunmu, dukanmu za a riƙe a ofishin 'yan sanda, shi kuma gobe yana da jirgi. Matarsa ba ta ko ɗago kai ba, tana ɗaure ƙafar da sandunan rumfarmu. Ta ce, "Ka shiga motar Idris. Ni a nan zan zauna."

Wanda ya fi ba mu wahala shi ne Hamidu kansa. Da ya fahimci asibiti za mu kai shi, ya riƙe rigata.

"Ɗana, iƙamata, takardar zamana a ƙasar nan, ta mutu tun bara. In kun kai ni, kora ta za a yi. Ku kai ni tantina kawai, zan warke."

Na ce, "Baba, ƙafar nan ba ta warkewa a tanti."

"To taguwar fa? Me zan ce wa mai ita? Ciki gare ta."

Ba mu da abin da zai janyo ta, ba kuma mai iya isa wurinta ya yanka ta. Idris ya yi ta kallonta, sannan ya juya ya kama kafaɗun Hamidu, ni na kama ƙafafu, muka kwantar da shi a kujerar baya. Muna tafiya tana kuka a bayanmu.

Ku da za ku tuƙa a harra za ku gane abin da nake nufi. Ba a gudu, domin dutsen na yanka taya, kuma ba a iya kauce wa girgiza. Duk ramin da na faɗa sai Hamidu ya yi ƙara. Can ya daina ƙarar, wannan ya fi tayar mini da hankali. Ummu Rayan ta ce in riƙa yi masa magana da harshensa kada ya tafi. Na tambaye shi iyalinsa, ya ce mata ɗaya da 'ya'ya mata uku. Na tambaye shi ko ya san Madina. Ya ce daga filin jirgi aka wuce da shi daji, kuma duk shekarun nan ba wanda zai bar wa raƙuma, don haka bai taɓa shiga Masallacin Annabi ba. Ya ce in iska ta kwanta yakan fuskanci kudu ya yi salati.

Muka iske is'af a bakin kwalta. Suka kai shi asibitin Khaibar, daga can aka wuce da shi Madina. Washegari na wuni ina amsa tambayoyin 'yan sanda. Ba su wulaƙanta ni ba, bayanin Ummu Rayan ya taimaka ƙwarai. Mai raƙuman ya zo daga baya ya ce tankar ce ta lalace. Ban san yadda suka ƙare da shi ba.

Hamidu bai tashi ba. Likita ya ce ƙishirwa ta riga ta kashe masa ƙoda. Idris ya bi 'yan Chadi shago-shago har ya sami wani tela a unguwar Al-Sih da ya san ƙauyen su Hamidu, telan ne ya kira matar Hamidu ya gaya mata. Bayan an kammala takardu aka ba mu gawar. Ni da Idris da telan da wasu dattawan unguwarmu muka ɗauke shi a kafaɗa muka shiga da shi Masallacin Annabi. Bayan la'asar dubban mutanen da ba su san sunansa ba suka yi masa salla, aka binne shi a Baƙi'a.

A tallar kamfani mukan ce wa baƙi za mu kai su inda babu kowa. Ku sani wannan maganar talla ce kawai. Akwai mutane a bayan duwatsun nan, yawancinsu daga ƙasashen kakanninmu, kuma wani sai ya yi wata bai ga fuskar mutum ba sai taku. In kun hango tanti ko garke, ku karkata, ko da baƙo na duba agogo. Ku sauka ku yi sallama, ku ajiye masa ruwa, ku tambayi sunansa da garinsu. In aka kwana biyu ba ku gan shi inda kuka saba ganinsa ba, ku neme shi.