Ɗan da Mahaifina Ya Samu da Tsufansa

Shekarun baya, lokacin ina koyarwa a wata firamare a Bungudu, mahaifina ya yi sabon ɗa. Wani Alhaji ne dillalin gidaje, tsarana, mai yawan fara'a da turare mai tsada.

Tun rasuwar mahaifiyata Baba ke zaune shi kaɗai a gidanmu na Gusau. Tsohon ginin ƙasa ne, amma yana bakin titi, 'yan kasuwa sun daɗe suna zawarcinsa. Ni sai ƙarshen mako nake leƙowa da 'yar ledar lemu. Wata Asabar na shiga na tarar da buhun shinkafa da sabuwar katifa. Na tambaya daga ina.

"Ɗana ya kawo," in ji Baba.

Mu biyu kaɗai ya haifa, ni da ƙanwata da ke aure a Tsafe. Na ce wane ɗan kuma?

Sai ya warware mini. Alhaji zai riƙa ba shi kuɗin cefane duk wata, ya kai shi asibiti, Baba kuma ya ba shi takardun gida ya riƙe. Ba mai tashinsa har ya koma ga Allah. Bayan nan a sayar, Alhaji ya cire nasa, mu raba saura.

"Cewa ya yi in ci gidana tun ina da haƙora," Baba ya faɗa yana dariya.

Ban yi dariya ba. Kuma ba gidan ne ya fara damuna ba, kishi ne tsagwaronsa. In na iso a kan babur, sai in ga motarsa a inuwar da na saba ajiye nawa. In shiga in same su a tabarma ɗaya, hannu cikin kwano ɗaya, Baba na ba shi labarin fataucin gyaɗa da ni na ji har na haddace. Akwai ranar da na tsaya a hanya na sayi zakara, na ɗauro shi a bayan babur ina jin yau zan burge. Na tarar Alhaji ya sa an yanka rago. Zakarana ya wuni ɗaure a gindin randa, ba wanda ya tambayi mai shi.

Da na gaji na ce, "Baba, an karanta muku abin da kuka sa wa hannu?"

"Mi za a karanta? Mutumin da ke yanke mini farce da hannunsa? Hassada ce ke cinka, je ka yi istigfari."

Rabin maganarsa dai gaskiya ce.

A damina ta biyu Baba ya samu shanyewar ɓarin jiki, ƙanwata ta ɗauke shi zuwa Tsafe don jinya. Bayan an yi girbi maƙwabcinmu ya kira ni, ya ce an canza kwaɗon ƙofar gida. Na je ofishin Alhaji, ko kujera bai nuna mini ba.

"Malam, yarjejeniya ce. In Baba ya bar gidan wata uku, komai ya zama bashin da za a biya nan take. In babu, gida nawa ne."

Komai kuwa. Shinkafa, katifa, man motar zuwa asibiti, har ragon nan, da wani ƙari da ya kira ladan ɗawainiya.

Abokina lauya ne ya tsaya mana a kotu. Alƙali ya soke ladan, ya ce riba ce aka sauya wa suna, amma uwar kuɗi sai an biya, tunda ga hannun Baba ga shaidu. Dole muka yanke rabin gidan na gaba, har da zaure, muka sayar. Baba ya dawo ɗakin baya, ana shiga ta lungu.

Na zaci yanzu zan karɓi matsayina. Wata rana ina matsa masa ƙafa ya ce, "Yaron nan bai leƙo ba?"

"Baba, wanda ya kulle muku gida?"

"Na sani. To amma ya iya zama da tsoho."

Abin da na koya ke nan: masu irin wannan harka ba gida suke fara nema ba, kaɗaicin mai gidan suke saye. In tsohonku na da gida aka zo masa da taimakon da ke buƙatar takardu, ku kai wa lauya ya duba, ko da za a kira ku mahassada.

Baba ya rasu tuntuni, Allah Ya jiƙansa. Har ƙarshe, in yana addu'a bayan salla, sunan Alhaji yake fara ambata, sannan nawa. Zaure na yafe shi duniya da lahira. Zama na biyun nan ne har yau na kasa haɗiyewa.