Marsi Boka a Kafur

Jama'a, yau Faransanci ya kusa jawo mini duka!

Na je makarantar wani ƙauye a Kafur duba aikin Malama Hadiza, ɗalibata mai koyon koyar da Faransanci. Sai ga wani Alhaji ya faɗo aji a fusace.

Ya ce, "Wa ke koya wa 'yata shirka? Ta cinye tuwona, ta ce marsi boka!"

Na ce, "Alhaji, marsi boku ne. Na gode ƙwarai ke nan."

Ya ce, "Boku? Ashe ma bokayen da yawa!"

Hedimasta ya ce, "Gaskiyar Alhaji, a gyara."

Duk karatun Faransancin da na yo a Yamai ya tashi a banza. Da zan tafi, aji ya miƙe gaba ɗaya: "Marsi liman!"